Maharbin da Ya Bi Sawun Kansa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yi hanya ya yi matafiyi, ya yi kunne tun ba a fara labari ba. Ku matso ku gyara zama. Ni ne Jatau ɗan Barmo, maharbi, mutumin Rafin Zarga. Zan ba ku labarin farautar da ta fi kowace ba ni wuya, wadda na dawo daga cikinta ba fata ba ƙaho.

A ƙasarmu maharbi ba ya shiga daji shi kaɗai. Dole ne da makaɗi a bayansa, yana buga masa takensa yana yi masa kirari, don zuciya ta ɗauki zafi kafin a haɗu da abin da aka fito nema. Makaɗina ƙanena ne, Cindo, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun dama. Ba shi da yawan magana sai an rataya masa ganga. Yana da wani hali da duk garinmu aka san shi da shi: ba ya iya jin kiɗa ya tsaya a rabi. In 'yan mata na buga ƙwarya a dandali suka bar kiɗan bai sauka ba, ko tuwo yake ci sai ya ajiye lomar ya ƙarasa shi a kan cinyarsa, sa'an nan ya ci gaba da cin abincinsa.

Taken da ya tsara mini yakan hau, ya ƙara hawa, sa'an nan ya sauka da bugu guda mai nauyi na tafin hannu. A tsakani yakan ce, "Jatau na Barmo, hadarin gabas, kibiyar da ba ta tambayar hanya, ɓauna ta hango ka ta yi sallama da 'ya'yanta." In na ji wannan, kaina kan yi girman da hula ba ta shigarsa. Ina son kirarin nan fiye da nama, ban kuwa ga dalilin ɓoye muku ba.

Wata shekara fatake suka zo da labarin wani farin gwanki a can ƙasar Samandaru, bayan Tekun Yashi, wanda kibiya ba ta taɓa shafar gashinsa ba. Tun da na ji, abinci ya daina yi mini daɗi. Ranar da za mu tashi, Inna ta raka mu har bakin rafi. Ba ta ce mini in yi hankali ba, don ta san ba na ji. Ta kama hannun Cindo ta sa a cikin nawa, ta ce, "Jatau, yadda ka tafi mini da shi, haka za ka dawo mini da shi."

Tekun Yashi gudu yake yi kamar ruwa, mutanen bakinsa kuwa da ƙoƙon bayan manyan kunkuru suke haye shi. Muka shiga irin wannan jirgi. Muna tsakiya sai rana ta dushe, wata mikiya mai kai biyu ta sauko ta ɗauke mu har da ƙoƙon, ta nufi sheƙarta a kan wani dutse. Kibiyoyina suka riƙa zamewa daga gashinta. Cindo ya dubi kawunan nan, ya lura kowanne yana harara ɗan'uwansa, sai ya jawo ganga ya shiga wasa kan dama shi kaɗai: sarkin sama, mai ido kamar garwashi, wanda na hagu yake cin albarkacinsa. Kan dama ya kumbura wuya. Kan hagu ya haƙura, ya haƙura, ya kai masa sara. Suna cikin dambe ƙafafun suka sake mu, muka faɗa kan tudun yashi mai laushi a ɗaya gaɓar. Na yi ta dariyar tsuntsuwar da kirari ya sa ta saki abincinta, ban ga abin da ya shafe ni a ciki ba.

Muka yi ta tafiya cikin Samandaru, ƙasar da itatuwanta ke juya ganye su bi baƙo da kallo, har ruwan gorarmu ya ƙare. Da hantsi wata rana muka hango wani tafki shimfiɗe a gindin dutse, ba iska ba igiyar ruwa a kansa. A nan ne na ga sawun gwanki, sabo, na durƙusa ina dubawa. Cindo ya ce bari ya ciko mana gora. Na ɗaga masa hannu ban ko waiwaya ba.

Da na ji shiru ya yi yawa, na bi shi. A bakin tafkin na tarar da abin da na ɗauka turaku ne farare an kakkafa. Mutane ne. Kowa yana tsaye ruwa iya idon sawu, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Wasu gishiri ya ci su zuwa gwiwa, wasu zuwa ƙirji, wasu kuma ya rufe su gaba ɗaya, sun daɗe da gamawa. Cindo yana cikinsu, ganga rataye a kafaɗa, gora tana yawo a gefensa, fuskarsa ɗauke da wani murmushi da ban taɓa gani a kanta ba. Na kira sunansa har muryata ta dishe, bai motsa ba.

Na yi abin da kowane maharbin Rafin Zarga zai yi in ya ga abin tsoro. Tun da ba mai yi mini, na buɗe baki na yi wa kaina kirari, na doki ƙirji, na taka cikin ruwan. Sai ga fuskata ta taso daga ƙarƙashi, faɗinta ya kai jinkar ɗaki, da fatar farin gwanki a kafaɗata, jama'a kuma ba iyaka suna kiran sunana. Kowace kalma na faɗa sai fuskar ta ƙara girma. Na manta da Cindo, na manta da Inna. Wani sanyi ya fara kama mini yatsun ƙafa, ni kuwa daɗi nake ji.

Ban ankara ba aka jefa mini mayafi a kai, aka fizge ni ta baya, na faɗi zaune a kan tsakuwa. Da na yaye mayafin na ga wata tsohuwa 'yar ƙarama, kanta aske tas, sanye da tufa mai launin rawaya, tana haki. Bayanta akwai wasu masu irin shigarta, maza da mata, ɗauke da ƙoren kunu. Suna bi suna ɗura wa kamammun nan a baki, suna goge musu gishiri da tsumma.

Ta ce, "Da ka ƙara baiti ɗaya, da ƙarfina bai ciro ka ba. Sunana Nimala. Wancan mai gangar naka ne?"

Na ce, "Ƙanena ne, Iya. Ki taimake ni mu jawo shi."

Ta girgiza kai. "Gishiri ya riga ya haɗe shi da ƙasa. In ka ja, karyewa zai yi. Sai in shi ya ɗaga ido daga ruwan, ba ya kuwa jin baƙo. Mu iyakarmu mu ba su kunu, mu rage wa gishirin sauri. Nasa ne kaɗai zai iya kaiwa gare shi, in ya iya tsayawa kusa da shi ruwan bai kama shi ba. In gishiri ya kai zuciya, shi ke nan."

Na ce, "Ku fa, me ya hana shi kama ku? Ki ba ni layar, ko nawa ne kuɗinta."

"Ba mu da laya. Zaunawa muke yi."

Na dube ta na ga ba wasa take yi ba. Don ba ni da wata dabara, na bi su muka hau dutsen.

A can sama suke da ɗakunansu na duwatsu. Suna bin koyarwar wani malami na zamanin da, wanda suke kira Farkakke. Ba su tambaye ni addinina ba, in lokacin sallata ya yi sukan matsa su ba ni wuri. Iya Nimala ta zaunar da ni a gindin wata bishiya, ta sa na tanƙwashe ƙafa na miƙe baya. Ta ce in sa hankalina a bakin hancina, in ji shigar numfashi in ji fitarsa, in hankalin ya gudu in dawo da shi ba tare da faɗa ba.

Ni da nake kwanton ɓauna wuni guda, na ce wannan ai wasan yara ne. Ban cika numfashi goma ba na tsinci kaina a Rafin Zarga ina gardama da wani da ya riga ya mutu. Na dawo. Sai ga ni ina fiɗar gwanki. Na dawo. Gwiwa ta ɗauki ciwo, baya ya ɗauka, ƙuda ya mai da goshina wurin hutawarsa. Da yamma masu kunu suka dawo suka ce gishiri ya wuce ƙwaurin Cindo. Na tashi a fusace na sami tsohuwar tana tsince wake.

Na ce, "Iya, ƙanena yana can yana ƙarewa, ni kin ajiye ni ina gadin hancina."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Da ka shiga ruwan, me ya kama? Ƙafarka?"

"Ni ya kama."

"Madalla. Tafkin ba shi da hannu. Abin da mutum yake riƙe da shi yana cewa wannan ne ni, shi yake nuna masa, mutum ya kama kansa da kansa. An ce kai maharbi ne. To ka koma ka zauna. In hankalinka ya ɗan kwanta, ka bi mini sawun wannan Jatau. Ka gano inda yake kwana, ka zo ka nuna mini."

Wannan magana ta shige ni, don bin sawu aikina ne. Na koma na zauna, kwana da kwanaki, har ƙurar cikin kaina ta fara lafawa. Na fara da jiki. Na bi shi daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, na sami ɗumi, na sami ƙaiƙayi, na sami bugun jini, kowanne yana zuwa yana wucewa, ba wanda ya tsaya ya ce shi ne mai gida. Na ce to yana cikin fushi, don fushina sananne ne. Na yi kwanto har fushi ya zo. Na ga zafi ne a ƙirji da wata magana a kai, ya yi abinsa ya tafi. Na ce to shi ne mai yin tunani. Na tsare ƙofa in ga lokacin da yake aiko tunanin, sai na ga tunani yana ɓullowa ne da kansa, ba wanda ya kira shi, ban ma san na gaba ba sai ya iso.

Na koma kan abin da nake taƙama da shi. Sunan, Baba ne ya raɗa. Harbin, kawuna ya koya wa hannuna da ranƙwashi. Ƙarfin, dawar Inna ce. Hadarin gabas da kibiyar da ba ta tambayar hanya kuwa, daga bakin Cindo suka fito wata ranar kasuwa, ina ma tuna yana gyara su yana tauna rake. Sawu ko'ina, birjik, kowanne na bi sai ya kai ni gidan wani. Dabbar da ta yi sawun ce ban gani ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ɓauna ba ta taɓa ba ni ba. Na je wurin tsohuwar, na ce, "Iya, na duba ko'ina. Babu kowa. Ashe ni ba komai ba ne?"

Ta miƙo hannu ta murɗe mini kunne da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ce, "Da zafi?"

"Da zafi mana."

"To zafi yana nan. Yunwa tana nan, tausayi yana nan, ƙanenka yana can cikin ruwa, alkawarin da ka yi wa uwarka bai je ko'ina ba. Ba abin da ya ɓace. Mai riƙe da su kaɗai ka nema ka rasa, dā ma kuwa ba ka taɓa ganinsa ba. Je ka ci wake."

Bayan wannan, wata safiya ina zaune, kurciya ta yi kuka a kan bishiyar. Ban san yadda zan gaya muku ba. Kukan ya cika wurin, babu wani a ciki da yake saurare, babu wata a waje da ake saurara. Kuka ne kawai, da hasken rana, da sanyin dutse, duk abu guda, ba gefe ba tsakiya. Na kuma gane wannan hali. Na sha shiga irinsa a bakin mashaya, in kwanto ya yi nisa har tsuntsaye su sauka a kafaɗata don ba su ga kowa ba. Sai dai da zarar kibiya ta tashi nakan yi tsalle in ce ni na yi.

Na ruga na gaya wa Iya Nimala cewa na samu, na kuma fi duk almajiranta saurin samu. Ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce, "Ga Jatau nan ya dawo, har ya yi ƙiba."

A yammacin nan masu kunu suka dawo ba sa son haɗa ido da ni. Na matsa musu, suka ce gishiri ya kama haƙarƙarin Cindo, kunu ma da ƙyar yake wucewa. Da gari ya waye na jingine bakana da kwarina a gindin bishiyar, na ce, "Iya, na san ban shirya ba."

Ta ce, "Ban taɓa ganin wanda ya shirya ba. In fuskar ta taso kada ka kore ta, kada ka rungume ta. Ka dube ta yadda ka dubi ciwon gwiwa."

Na sauka. Na taka cikin ruwan ina jin numfashi yana shiga yana fita. Tsoro ya zo, na san tsoro ne, ya wuce. Na dubi ƙasa na ga sama da gajimare, ba kowa a tsakani. Sai wata murya a kaina ta ce, kai Jatau, ko tafki ya san da zamanka. Nan take fuskar ta fara haɗuwa, da hancinta da fatar gwanki, sanyi ya lasar mini yatsu. Na dube ta. Na ji dariyar tsohuwar nan a kunnena, ni ma dariya ta kuɓuce mini, fuskar ta watse.

Na isa wurin Cindo. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, gishiri ya kai masa ƙarƙashin nono, hannuwansa ne kaɗai suka rage a sake. Na kira shi da sunansa, na kira shi da sunan da Inna take kiransa, na tuna masa gida da rafi. Ko ƙifta ido bai yi ba. Hawaye suka zubo mini, na bar su suka zuba. Na tsaya ban san abin yi ba, ban kuma yi ƙoƙarin sani ba. Sai na ga hannuna ya zare gula daga ɗamararsa, ya jawo gangar da ke rataye a kafaɗarsa ta dawo gabansa.

Na fara buga takena. Ban taɓa riƙe gula ba a rayuwata, kiɗan ya fito a karkace kamar tafiyar ɗan maraƙi. Na ga girarsa ta motsa. Na hau da shi, na ƙara hawa, na kai daidai inda bugun ƙarshe zai sauka, sai na ɗauke hannu.

Shiru ya rufe tafkin. Yatsun nan shida suka fara rawa. Murmushin ya bar fuskarsa, goshinsa ya tattare. Sai hannun ya tashi da kansa ya sauka a kan fatar, dam, yadda ya saba. Idonsa ya bi hannun. Gishirin ya tsage tun daga ƙirji har ƙasa, ya zube kamar ɓawon ƙwai, Cindo ya faɗo a jikina.

Na goya shi na fito da shi, na kwantar a inuwa na ba shi kunu. Muna nan sai ga farin gwanki ya fito daga cikin itatuwa, ya tako har inda muke, ya sunkuya yana lasar ragowar gishirin ƙafar Cindo. Ina jin ɗumin numfashinsa a hannuna.

Cindo ya ce a hankali, "Yaya, ga shi fa. Ina bakan?"

Na ce, "Yana kan dutse. Bar gwankin ya sha gishirinsa."

Da gwankin ya tafi na tambaye shi abin da ya gani a ruwan. Ya ce, "Kaina na gani a gaba, riƙe da baka. Kai kuma kana bayana kana yi mini kiɗa."

Maganar ta soke ni, don shekara da shekaru yana bayana ban taɓa juyowa na tambaye shi ba. Na ce, "To ai ga shi na yi maka."

Ya ce, "Ka yi, Yaya. Amma tun da aka haife ni ban taɓa jin mummunan kiɗa irin naka ba."

Muka zauna a dutsen har ya yi ƙarfi. Iya Nimala ta raka mu zuwa gangare, ta miƙo mini bakana, na rataya wa Cindo, ni na ɗauki gangar. Ƙaramin yatsansa na ƙafar hagu bai dawo nama ba, har yau gishiri ne, awakin gidanmu ba sa barinsa ya yi barcin rana.

Da muka iso Rafin Zarga, Inna ta fito ta shafa shi tun daga kai har ƙafa. Ta kai kan yatsan ta tsaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ban cika alkawari duka ba."

Ta ce, "Wannan ɗana ne, na gane shi, yatsa ba komai ba ne." Ta juyo ta daɗe tana kallona, da gangar a kafaɗata, ina tsaye shiru ban ce a tara mutane a ji abin da na yi ba. Ta ce, "Wanda ya tafi da shi fa, ina ka baro shi?"

Na ce, "Na neme shi, Inna, iyakar iyawata."

Ta ce, "Kada ka koma nema. Shigo ka ci tuwo."

Iyakar abin da ƙafa ta taka ke nan, ido ya gani, baki ya iya ɗaukowa. Abin da ya rage yana can gindin bishiya, ga duk mai iya zaunawa.